Tambayar da ke dawowa kowace safiya: katangar tsaron Windows da manhajar wata cibiyar gwaji

Wurin da mutanensa

Ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta ce a cikin birnin Kano, ɗaki biyu da baranda. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, irin waɗannan wurare suka sami abin yi: yaro ya biya ɗan kuɗi, ya zauna ya gwada kansa da tambayoyin shekarun baya, hannunsa ya saba da linzami, idonsa ya saba da agogon da ke cinye masa lokaci a kusurwar allo. Kwamfutocin ɗalibai 24 ne, sai guda ɗaya a teburin gaba wadda ita ce uwar garke. A kanta manhajar gwajin take zaune, sauran kuwa ta waya suke zuwa su ɗebi tambayoyi a cikin burauza. Dukkansu Windows 10 ne. Wayoyin sun haɗu a suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutoci da juna, suwic ya tafi ga rauta, na'urar da ke zama mashigar sadarwar. Babu intanet a ɗakin, sai ranar da za a sauko da sababbin tambayoyi ake haɗa uwar garken da wayar mai wurin.

Mai cibiyar malamin makarantar sakandare ne, ba ya samun zuwa sai bayan la'asar. Wata matashiya ce ke buɗe wurin da ƙarfe takwas, ta share ƙurar hunturu daga kan allunan, ta kunna komai, ta karɓi kuɗi. Asusun da take shiga uwar garken da shi ba shi da ikon canza wani saiti. Kalmar sirrin admin tana hannun malamin shi kaɗai. Ni ne mai yi musu gyara in abu ya gagara.

Makon ƙarshe na Janairu: farkon abin

Masu sayar da manhajar suka kawo sabon zubi a filashi. Tsohon zubin girka shi ake yi kamar kowace manhaja. Wannan kuwa fayil ɗaya ne tal, aka ce a kwafe shi a ajiye a fuskar kwamfuta, a danna sau biyu, shi ke nan. Malamin ya ji daɗin sauƙin.

Da ya danna, wani akwati ya fito da rubutu a samansa: "Windows Defender Firewall has blocked some features of this app", wato katangar tsaron Windows ta tare wani sashe na aikin manhajar. A ƙasa akwai gurbi biyu na sa alama, ɗaya Private, wato sadarwar gida, ɗaya Public, wato ta waje, sai maɓallai biyu, Allow access da Cancel. Ya danna Allow access, ya ba da izini, kwamfutocin ɗalibai suka kama aiki. Ba wanda ya sake tuna zancen.

Washegari Talata akwatin ya sake fitowa, malamin kuma yana aji. Matashiyar ta danna Allow access kamar yadda ta ga ya yi, sai kwamfutar ta nemi kalmar sirrin admin. Ba ta da ita, ta rufe. Manhajar ta buɗe lafiya lau a gabanta, ta gwada a burauzar uwar garken ta ga tambayoyi suna fitowa. Amma a ɗakin ɗalibai, allo 24 duk magana ɗaya suke yi, wai ba a iya kaiwa ga shafin ba. Yara goma sha ɗaya na zaune sun biya kuɗin awa biyu. Ta kashe manhajar ta kunna, akwatin ya sake fitowa. Sai da malamin ya hau babur a lokacin tara ya zo ya sa kalmar sirri.

Kwana uku ana haka, ya gaji da zirga-zirga. Ya rubuta kalmar sirrin a guntun takarda ya ba ta, ta tura ta ƙarƙashin allon rubutu. Aiki ya ci gaba, tambayar ma ta ci gaba: kowace safiya, da kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta.

Makonni uku na farkon Fabrairu: abin da suka gwada

Da farko malamin ya ɗauka gurbi ɗaya da yake sa wa alama ne bai isa ba, ya koma sa wa Private da Public duka. Washegari tambayar na nan.

Daga nan ya shiga jerin manhajojin da aka yarje wa wucewa, ya danna Allow another app, ya nemo fayil ɗin da ke fuskar kwamfutar ya ƙara shi da hannunsa. Sunan ya zauna daram a jerin da alamarsa. Tambayar ba ta fasa fitowa ba. Wannan ne ya fi ɗaure masa kai, domin ga izini a rubuce yana gani da idonsa.

Ya cire manhajar rigakafin ƙwayar cuta da ya saka a bara. Babu canji. Wani yaro mai aiki a shagon intanet na maƙwabta ya ce ai manhajar daskarewa ce, irin wadda ake sa wa kwamfutocin haya don duk abin da aka yi a kansu ya goge in an kashe an kunna. Zato ne mai kyau, domin irin wannan manhaja tana shafe izinin katanga kamar yadda take shafe komai, kuma akwai ta a kwamfutocin ɗalibai. Suka ajiye wani fayil a fuskar uwar garken, suka kashe suka kunna, fayil ɗin na nan. Ba ita ba ce.

A mako na biyu malamin ya danna Restore defaults, wato ya mayar da katangar yadda ta fito daga kamfani. Tambayar ta dawo, sannan firintar da kwamfutar ofis ke aikawa da aiki ta hanyar uwar garken ta daina amsawa, saboda izinin raba firinta ya tafi tare da sauran. An gudu ba a tsira ba.

Bayan kwana tara na aiki ya gano inda ake kashe sanarwar, ya cire alamar da ke sa katangar ta yi magana in ta tare sabuwar manhaja. Safiyar da ta biyo baya akwatin bai fito ba, matashiyar har ta aika masa saƙon albishir. Minti biyar ba a yi ba ta sake kira: ba ɗalibin da ya iya shiga. Da yamma ya kashe katangar ɗungurungum. Komai ya yi aiki. Haka aka yi kwana huɗu, Windows na ta nuna jan gargaɗi a kusurwa, shi kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya kira ni.

Asabar ta makon uku: ranar bincike

Na iso bayan azahar, ɗalibai sun watse. Abu na farko da na yi shi ne kunna katangar da mayar da sanarwar.

"Injiniya, ai kashewar ce kaɗai ta yi mana magani," in ji malamin.

Na ce, "Malam, a bar ni da ita awa ɗaya. In ban samo dalili ba mu sake shawara."

Na ɗan yi masa bayanin abin da katangar nan take yi, wadda mu masu gyara muke kira fayawol, don sai an fahimce shi sauran zancen zai zauna. A saitinta na asali ba ta hana kwamfutarka fita ta nemo abu. Shigowa take tsarewa. Yawancin manhajoji fita kawai suke yi, shi ya sa ba ka taɓa ganin ta tambaye ka game da su ba. Amma manhajar da ta buɗe ƙofa ta zauna jiran wasu kwamfutoci su ƙwanƙwasa, irin wannan ta gwaji, dole katangar ta duba littafinta ta ga ko akwai doka a kanta. In babu, sai ta tambaya. In aka ce e, ta rubuta dokar izini. In aka ce a'a, ko aka rufe akwatin, ko wanda ke zaune ba shi da ikon admin, ta rubuta dokar hani, yawanci guda biyu, ɗaya ta TCP ɗaya ta UDP, wato hanyoyi biyu da kwamfutoci ke aika wa juna bayanai. Kuma a Windows hani ya fi izini ƙarfi duk inda suka haɗu. Abin da ya rikita matashiyar ranar Talata shi ma yana da dalili: kwamfuta in tana magana da kanta ba ta bi ta katangar, don haka shafin zai buɗe a uwar garke ko da an toshe kowa.

Ba don ado aka sa ta ba. A watan Agusta na 2003 tsutsar Blaster, ƙwayar cuta mai yaɗa kanta, ta riƙa shiga kwamfutoci ta ƙofa mai lamba 135 ba tare da mai kwamfutar ya danna komai ba, kuma bayan wannan ne Microsoft ta fito da Service Pack 2 na Windows XP a 2004 da katangar a kunne tun daga farko. A watan Mayu na 2017 WannaCry ta bi ta ƙofa ta 445 ta kulle fayilolin asibitoci a Ingila da kamfanoni a ƙasashe da dama. Ɗakin da yara ke shigowa da filashi daga gida, uwar garkensa kuma ɗauke da sunaye da sakamakon ɗalibai, ba wurin zama ba katanga ba ne.

Na rubuta wf.msc na buɗe cikakken littafin dokokin, na shiga Inbound Rules, na ja ginshiƙin Program ya faɗaɗa har adireshin kowane fayil ya fito sarai. Malamin ya jawo kujera kusa.

Layi 38 ne masu suna ɗaya, sunan manhajar gwajin. Mafi yawa da koren alama, shida da jan da'ira. Biyu-biyu suke, wato sau 19 aka buɗe manhajar aka amsa tambaya tun ranar da ya mayar da katangar sabuwa. Na ce ya karanta adireshin layin farko da na uku. Dukkansu sun fara iri ɗaya, cikin jakar mai amfani, AppData, Local, Temp. Daga nan sai jaka mai farawa da 7zS, sannan haruffa da lambobi. A nan suka rabu. Babu biyu daga cikin tagwayen nan 19 da suka zo da jaka ɗaya. Muka shiga Temp ɗin muka nemi jakunkunan, kusan duk babu su.

Don kada ya zama zato, na gwada a gabansa. Na danna fayil ɗin, akwatin ya fito, na buɗe Resource Monitor na duba Listening Ports: wani server.exe ne ke jira a ƙofa ta 8080, ba fayil ɗin da ke fuskar kwamfuta ba. Na bi shi ta Task Manager zuwa mazauninsa, muka rubuta sunan jakar a takarda. Na rufe manhajar, jakar ta ɓace. Na sake buɗewa, sabuwar jaka da sabon suna, sabon akwatin tambaya.

Fayil ɗin da aka kawo a filashi ba shi ne manhajar ba, ƙunshi ne mai kwance kansa, an ɗaure shi da 7-Zip. Duk lokacin da aka danna shi sai ya haƙa sabon wuri a ma'ajiyar wucin gadi, ya zazzage kayansa, ya tayar da ainihin manhajar daga can, in an gama ya kwashe. Katangar Windows kuwa ba ta san manhaja da suna ko tambari ba. Da cikakken adireshin fayil take rubuta doka, kuma ba ta karɓar adireshi mai tauraro da zai ce "kowace jaka a cikin Temp". Kamar maigadin da aka ba takarda an ce mutumin gida mai lamba kaza ne zai shiga, sai mutumin ya riƙa zuwa kullum daga sabon gida. Izinin da malamin ya ƙara da hannunsa kuwa ƙunshin ya ba, shi kuma ƙunshin bai taɓa buɗe wata ƙofa ba.

Na nuna musu wani abu a jikin akwatin tambayar. Layi uku ne a tsakiyarsa: Name, Publisher, Path. Na ukun adireshin ne, 7zS ɗin da lambobinsa a fili. Matashiyar ta matso ta duba, ta ce, "Wallahi Yaya, kullum ina ganin rubutun nan, ban taɓa kawo cewa canzawa yake yi ba." Ba ita kaɗai ba ce. Ido maɓalli yake nema in yara na jira.

Gyaran, a yammacin ranar

Kafin in taɓa komai muka kira masu manhajar, domin kayansu ne kuma akwai lasisi a tsakani. Suka ce sun ƙunshe ta haka ne don sauƙin rabawa a filashi, ba su da matsala in an kwance ta an ajiye wuri ɗaya. Na tambayi inda take ajiye sakamakon ɗalibai, suka ce a ProgramData. Na duba na tabbatar, na kwafi jakar zuwa wani faifai. Na kuma fitar da kwafin dokokin katangar ta Export Policy, ko da za a buƙaci komawa baya.

Na goge layukan nan 38, da na gwajina. Na buɗe ƙunshin da 7-Zip na zazzage kayansa a sabuwar jaka cikin Program Files. Malamin ya so a ajiye a fuskar kwamfuta ko a bakin faifan C don sauƙin gani, na ƙi. Tunda izinin adireshi yake bi, duk wanda ya iya sauya fayil ɗin da ke wannan adireshi da wani mai suna iri ɗaya ya gaji izinin. A Program Files ba mai iya yin haka sai admin. A fuskar kwamfuta kuwa kowane mai zama a kujerar zai iya.

Sannan na rubuta doka ɗaya a PowerShell da ikon admin:

New-NetFirewallRule -DisplayName "Gwajin dalibai" -Direction Inbound -Program "C:\Program Files\Gwaji\server.exe" -Protocol TCP -LocalPort 8080 -RemoteAddress LocalSubnet -Profile Private -Action Allow

Ma'anarta: wannan fayil kaɗai, a wannan ƙofa kaɗai, daga kwamfutocin da ke cikin sadarwar ɗakin kaɗai, kuma sai in Windows ta ɗauki sadarwar a matsayin ta gida. Ta fi izinin da akwatin ke bayarwa ƙunci nesa ba kusa ba, don shi duk ƙofofi yake buɗe wa manhajar. Na yi sabon tambari a fuskar kwamfuta mai nuni zuwa sabon wurin, na kwashe tsohon ƙunshin na ba malamin ya adana. Na mayar da izinin raba firinta a Private kawai.

Muka fita daga asusun admin, matashiyar ta shiga da nata. Ta buɗe ta rufe sau uku, ba tambaya. Muka kashe kwamfutar muka kunna sau biyu, ba tambaya. Ta zaga ɗakin ɗalibai tana gwada allo bayan allo, duka 24 suka kawo shafin. Malamin ya canza kalmar sirri, ya ɗaga allon rubutu ya ɗauke guntun takardar ya yayyaga. Na bar mata umarni ɗaya: in akwatin ya sake fitowa, kada ta danna komai, ta ɗauki hotonsa ta turo mini.

Kwana 11 bayan haka: ta dawo sau ɗaya

Ranar wata Laraba da ƙarfe takwas da kwata hoton ya shigo wayata. Layin Path na fara dubawa: Program Files ne, daidai yadda na bari. Ke nan ba adireshin ba ne ya motsa. Amma alamar da Windows ta sa da kanta tana kan Public.

Na kira ta na tambayi abin da ya canza tun jiya. Ta ce rautar ta mutu da yamma bayan an kawo wuta, malamin ya aro wata ya jona, ya saita ta da lambobin tsohuwar. Ruwa ba ya tsami banza. Windows tana gane sadarwar waya ne da lambar jikin na'urar da ke matsayin mashiga, ba da lambobin da aka saita mata ba. Sabuwar rauta sabuwar sadarwa ce a wurinta, ta raɗa mata Network 2, ta sa ta a Public kamar yadda take yi wa wurin da ba ta sani ba. Dokar da na rubuta ta Private ce, don haka a wannan safiyar littafin ba shi da abin cewa game da manhajar.

Na je da kaina, malamin ya turo kalmar sirri. A Settings, ƙarƙashin Network & Internet, na shiga Ethernet na mayar da sadarwar Private. Na leƙa wf.msc na tarar da dokokin hani biyu na Public da akwatin ya bari, na goge su. Minti goma aikin ya ci. Da yamma malamin ya ce me zai hana a sa wa dokar Public ma a huta. Na ce a'a, saboda ranar da ya haɗa uwar garken da wayarsa ko da wata sadarwar waje, Public ɗin ce ke rufe ƙofar 8080 daga duk wanda ke tare da shi a kan layin. Na nuna masa inda ake sauyawa, ya yi da hannunsa sau biyu har ya riƙe.

Yadda na auna lamarin

Katangar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba a duk makonnin nan. Tun da aka mayar da ita sabuwa, sau 19 aka kawo mata fayil daga adireshin da ba ta sani ba, sau 19 ta tambaya. Matsalar daga yadda aka ƙunshe manhajar ta taso: abin da zai zauna yana jiran kwamfutoci 24 bai kamata ya riƙa tashi daga ma'ajiyar wucin gadi ba, kuma mai girkawa na kirki shi ke rubuta dokar katanga da kansa tun ranar farko. Na faɗa wa masu ita haka.

Cikin abubuwan da malamin ya gwada, gwajin manhajar daskarewa ne ya fi burge ni, don an yi zato, an auna, an kawar da shi cikin minti biyar. Biyu ne suka fi tayar mini da hankali, kuma su ne waɗanda suka "yi aiki": takardar kalmar sirri da ta yi kusan mako uku a ƙarƙashin allon rubutu a ɗakin da samari ke shiga da fita, da kwana huɗun da aka yi ba katanga. Ban ga alamar an yi ɓarna ba da na bincika, amma da an yi, ba a ranar za a gane ba.

Wannan ciwo yana zuwa da wasu fuskokin. Akwai manhajojin da ke zama a AppData su buɗe sabuwar jaka mai lambar zubi duk lokacin da suka sabunta kansu, sai tambayar ta dawo bayan kowace sabuntawa. Akwai masu aiki daga filashi, yau ya fito a harafin E gobe a F. Akwai masu danna manhaja daga cikin fayil ɗin RAR ba su kwance shi ba. A kwamfutocin Mac kuwa, tun Leopard na 2007, katangar da sa hannun mawallafi take gane manhaja, don haka in wani abu ya taɓa cikin manhajar ya ɓata sa hannun, tambayar za ta riƙa dawowa ko da manhajar ba ta gusa daga wurinta ba. A can umarnin codesign ake fara gwadawa, ba adireshi ba.

Har ɗalibai suka shiga jarrabawa akwatin bai sake fitowa ba. Abu biyu suka rage. Masu manhajar ba su yi alkawarin sauya ƙunshin ba, don haka zubi na gaba ma sai an kwance shi a kan wannan jakar, da sunan fayil iri ɗaya. Na rubuta matakan a takarda, matashiyar ta manna ta a cikin murfin kabad ɗin da rauta take. Sai kuma Windows 10 kanta, wadda tallafinta daga Microsoft ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Mun zauna da malamin mun duba uwar garken, ba ta da TPM 2.0, sashen tsaro na cikin kwamfuta da Windows 11 ke nema, ya ce ita zai fara canzawa in kuɗin zangon ya shigo.